Yadda bakteriya ke fitar da zink daga cikinta, da abin da ya sa dole ta yi hakan

Wani ɗalibin nazarin ƙananan halittu ya aiko da tambaya cewa, tunda sinadarin zink, wato tutiya, abu ne da jiki ke buƙata har ma ana ba yara masu gudawa ƙwayoyinsa, me ya sa bakteriya take kashe ƙarfinta wajen fitar da shi daga cikinta, kuma ta wace hanya furotin ɗin da ke cikin tantaninta suke gudanar da wannan aiki. Amsar a taƙaice ita ce bakteriya tana buƙatar zink da yawa amma a ɗaure a jikin furotin, kuma kusan ba ta iya jure ko kaɗan daga cikinsa idan yana yawo a sake cikin ruwan ƙwayarta. Duk na'urorin da zan bayyana maka an gina su ne domin tsare wannan bambanci.

Kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na furotin ɗin bakteriya suna riƙe da zink, wasu domin su tsaya a siffarsu, wasu domin su yi aikinsu na inzayim. Inzayim ɗin da ke kwafe saƙon DNA zuwa RNA yana ɗauke da shi, haka ma wasu furotin na ribosom, wato na'urar da ke ƙera furotin a cikin ƙwaya. A shekarar 2001 Caryn Outten da Thomas O'Halloran na Jami'ar Northwestern da ke Amurka suka nuna cewa ƙwaya ɗaya ta Escherichia coli tana tara atom na zink kimanin 200,000, wanda ya kai kusan milimola 0.2 (mola ma'aunin yawan sinadari ne a cikin ruwa), amma furotin biyu da ke sa ido kan zink a cikin ƙwayar suna motsawa ne tun yawan sakakken zink yana matakin femtomola. Domin ka gane ƙanƙantar wannan adadi, ayon, wato atom mai caji, guda ɗaya tak da ke yawo a cikin ƙwayar E. coli ya riga ya kai kimanin nanomola ɗaya, wato ninki miliyan na femtomola. Awon da aka yi daga baya a cikin ƙwayoyi masu rai ya ɗaga adadin zuwa matakin pikomola, wato ninki dubu na femtomola, amma hukuncin bai sauya ba: kusan dukkan zink ɗin da ke ciki a ɗaure yake.

Dalilin wannan tsauri yana cikin ilimin sinadarai. A 1948 Harry Irving da Robert Williams na Oxford suka jera ƙarafa masu caji biyu bisa ƙarfin da suke kama sinadaran da ke riƙe su, tagulla ta zo a sama, zink yana kusa da ita, manganis da baƙin ƙarfe kuma suna can ƙasa. Abin da wannan ke nufi a cikin ƙwaya shi ne, idan zink ya yi yawa, zai zauna a gurbin da aka tanadar wa manganis ko baƙin ƙarfe, kuma mai gurbin ba zai iya ture shi ba. Zink ba ya karɓa ko bayar da ilektiron yadda baƙin ƙarfe da tagulla ke yi, don haka inzayim ɗin da ya samu zink a inda ake buƙatar musayar ilektiron ya mutu ke nan duk da cewa siffarsa tana nan daram. An ga wannan a zahiri. A jikin Streptococcus pneumoniae, wadda ke haddasa ciwon huhu da sanƙarau, zink yana maƙalewa a furotin PsaA mai ɗauko manganis, ya ƙi sauka, sai ƙwayar ta rasa manganis ɗin da take kare kanta da shi daga gubar iskar oksijin. Christopher McDevitt da abokan aikinsa a Ostareliya ne suka bayyana haka a 2011. A E. coli kuwa zink yana lalata dunƙulen baƙin ƙarfe da farar wuta da wasu inzayim ke aiki da shi.

To, ga matsalar da famfo, wato furotin mai fitar da zink, zai fuskanta. Tantanin ƙwaya na maiƙo ne, ayon mai caji ba ya ratsa shi sai ta cikin furotin. Sannan abubuwa biyu suna tura zink zuwa ciki: sau da yawa sakakken zink ya fi yawa a waje, kuma cikin ƙwayar yana da cajin ragi (−) na kimanin milibolt 150 idan aka gwada da waje, alhali zink yana ɗauke da cajin ƙari (+) har biyu. Da bakteriya za ta buɗe rami kawai a tantaninta, da zink shiga zai yi. Saboda haka fitar da shi yana buƙatar makamashi, kuma yana buƙatar furotin da ba zai taɓa zama buɗaɗɗen rami ba. Tsarin ya yi kama da zaure mai ƙofa biyu wanda ba a buɗe ta waje sai an rufe ta cikin gida: zink ya shiga ta ƙofar ciki ya zauna a gurbinsa, furotin ya sauya siffa ya rufe bayansa, gurbin ya sassauta riƙo, sannan ƙofar waje ta buɗe. Akwai manyan dangi uku na furotin da ke yin wannan aiki a bakteriya, kuma sun bambanta ne a inda suke samun makamashi da kuma inda suke ɗaukar zink ɗin.

Dangin da aka fi sanin siffarsa shi ne CDF, kuma wakilinsa da aka fi nazari shi ne YiiP na E. coli. A 2007 Min Lu da Dax Fu na ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka suka fitar da siffarsa ta hanyar haska kiristal ɗinsa da hasken eksire, sannan a 2009 suka inganta kaifin hoton zuwa angistirom 2.9 (angistirom ma'aunin tsawo ne a matakin atom). Furotin ɗin tagwaye ne, guda biyu iri ɗaya da suka haɗu suka ba da siffar harafin Y. Kowane ɗaya yana da murɗaɗɗun sanduna shida da suka ratsa tantani, da wani dunƙule da ya sauko cikin ruwan ƙwayar. An samu zink a wurare uku a jikinsa. Na farko, wanda ake kira gurbin A, yana tsakiyar tantani, kuma shi ne ainihin hanyar wucewa. Amino asid huɗu ne suke riƙe zink a nan: aspartet na 45 da na 49 daga sanda ta biyu, da histidin na 153 da aspartet na 157 daga sanda ta biyar, sun kewaye shi ta kusurwa huɗu, wanda shi ne zaman da zink ya fi so. Gurbin B yana kan lanƙwasar da ke tsakanin sanda ta biyu da ta uku ta ɓangaren ciki, gurbin C kuma yana can inda dunƙulen tagwayen biyu suka haɗu, yana taimakawa wajen ɗaure su da juna.

Makamashin YiiP yana fitowa ne daga ayon na haidirojin, H+, wanda numfashin ƙwayar yake turawa waje kullum, don haka yake neman hanyar komawa ciki. Furotin ɗin yana barin H+ ya shigo ne kawai bisa sharaɗin zink ya fita, kuma hikimar tana cikin cewa gurbi ɗaya suke takara a kai. Idan gurbin A ya fuskanci waje, inda H+ ya fi yawa, sai H+ ya hau kan histidin da aspartet, su kuma su kasa ci gaba da riƙe zink, sai ya faɗa waje. Idan gurbin ya juyo ciki, H+ ya sauka, gurbin ya sake zama a shirye. A 2014 ƙungiyar Fu tare da Sayan Gupta suka bi motsin ruwa a cikin furotin ɗin, suka ga cewa da zarar zink ya zauna a gurbin A, sanda ta biyar tana gotawa, lusin na 152 ya toshe hanyar da ta fito daga ciki. Ɗakin binciken David Stokes a Jami'ar New York kuma ya ɗauki hotunan YiiP na bakteriyar Shewanella oneidensis da na'urar ilektiron mai aiki a kan daskararren samfur, inda aka ga siffar da ke fuskantar ciki, wadda kiristal ɗin farko bai nuna ba.

Akwai wani lissafi a nan da ɗalibai kan tsallake, alhali shi ne ke nuna iyakar ƙarfin famfon. Idan H+ ɗaya ne ke shiga a madadin zink ɗaya, to cajin ƙari guda ɗaya ne ya fita a jimlace, kuma cajin tantani yana adawa da hakan. Idan biyu ne suka shiga, cajin ya tashi babu riba babu asara, bambancin yawan H+ ne kaɗai zai ja aikin. Idan uku ne, cajin tantani ma ya koma yana taimakon fitarwar. Awon farko da Yang Chao da Fu suka yi a 2004 a kan ZitB, ɗan'uwan YiiP a E. coli, ya ba da ɗaya da ɗaya, amma binciken ɗakin Stokes na 2023 a kan YiiP ya karkata ga biyu zuwa uku, gwargwadon tsamin ruwan da ke waje. A ganina adadin ɗakin Stokes ya fi dacewa da aikin da ake tsammani daga famfon da zai sauke sakakken zink zuwa matakin pikomola.

Zaɓen ƙarfe ma a gurbin A yake faruwa, kuma amino asid ɗaya yana iya sauya shi. YiiP yana ɗaukar zink da kadmiyum duka, amma 'yan'uwansa na jikin ɗan'adam, waɗanda ake kira ZnT, suna ƙin kadmiyum, domin suna da histidin a inda YiiP ke da aspartet na 45. A 2012 aka sauya wannan aspartet zuwa histidin a YiiP, sai ya daina ɗaukar kadmiyum ya ci gaba da ɗaukar zink. Wannan dangantaka da ZnT ce ta sa masu binciken ciwon sukari suka daɗe suna duba siffar furotin na bakteriya, domin ZnT8 shi ne ke loda zink a cikin jakunkunan insulin na fankiriyas, kuma tun 2007 aka danganta wani sauyi a amino asid ɗinsa na 325 da haɗarin ciwon sukari nau'i na biyu. Abin mamaki shi ne, YiiP da ya zama abin koyi a wannan fage ba shi ne E. coli ta dogara da shi wajen jure zink ba. Gregor Grass da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa a cikin ƙwaya mai rai yana rage baƙin ƙarfe ne, har suka raɗa masa suna FieF. ZitB ne ke yin aikin zink na yau da kullum.

Idan zink ya yi yawa sosai, nauyin yana komawa kan dangi na biyu, wato famfunan da ke ƙona ATP, sinadarin da ƙwaya ke ajiye makamashi a cikinsa, kai tsaye, waɗanda ake kira nau'in P saboda suna ɗora fosfet a jikinsu a tsakiyar aiki. Dangi ɗaya suke da famfon sodiyam da fotasiyam na jikinmu wanda Jens Christian Skou na Denmak ya gano a 1957. Na E. coli sunansa ZntA, an bayyana shi a 1997, kuma Christopher Rensing da Bharati Mitra da Barry Rosen suna cikin waɗanda suka nuna cewa ƙwayar da aka cire wa shi tana kasa girma a yawan zink ko kadmiyum da 'yar'uwarta ke jurewa. Yana fitar da dalma ma. ZntA furotin ɗaya ne mai sanduna takwas a cikin tantani da manyan sassa uku a cikin ruwan ƙwaya: ɗaya yana kama ATP, ɗaya yana karɓar fosfet a kan aspartet na 436, na ukun kuma yana cire fosfet ɗin daga baya. Zink ya zauna a gurbinsa, ATP ya ba da fosfet, sassan uku su juya su ja sandunan tantani, gurbin ya buɗe zuwa waje, sannan cire fosfet ya mayar da komai yadda yake.

A 2014 Kaituo Wang da Oleg Sitsel da Pontus Gourdon da abokan aikinsu a Denmak suka fitar da siffar ZntA na Shigella sonnei, ɗaya daga cikin masu haddasa atini. Gurbin zink a nan na sistin biyu ne, na 392 da na 394 a sanda ta huɗu, tare da aspartet na 714, wato farar wuta ta shigo cikin riƙon, kuma wannan ne ya sa kadmiyum da dalma, waɗanda ke son farar wuta, suke samun shiga. Wani abu da ya ja hankali shi ne laisin na 693. Sauran famfunan nau'in P da yawa suna shigo da wani ayon daga waje domin ya cike gurbin da aka bari fanko, amma a ZntA wannan laisin mai cajin ƙari shi ne yake juyowa ya rungumi aspartet na 714 bayan zink ya fita, ya hana zink ɗin waje komowa ta hanyar da ya bi. Famfon yana ɗauke da abin toshe kansa a jikinsa ke nan.

Dangi biyun nan suna tsallakar da zink tantani ɗaya ne kawai. Ga bakteriya mai tantani biyu, irin E. coli da Pseudomonas, wannan yana nufin an ajiye zink ne a filin da ke tsakanin tantanin ciki da na waje, inda zai iya komowa. Dangi na uku, RND, shi ne ke kammala aikin, kuma tarihinsa ya faro ne daga masana'anta. A 1976 aka samo wata bakteriya a tankin tace ruwa na masana'antar zink da ke Engis kusa da Liège a Beljiyam, wadda yau ake kira Cupriavidus metallidurans CH34. Max Mergeay ya yi shekaru yana nazarinta, Dietrich Nies na Jamus tare da Simon Silver kuma suka bayyana ƙwayoyin gadon czc da ke kan filasmid ɗinta pMOL30, wato ƙaramin zoben DNA na daban, a 1989. Tana girma a zink da ya haura milimola 10, kuma idan aka raba ta da filasmid ɗin juriyar tana faɗuwa ninki da dama. Na'urar CzcCBA guda uku ce a haɗe: CzcA a tantanin ciki, wanda ke amfani da shigowar H+ a matsayin makamashi, CzcC a tantanin waje a matsayin bututu, CzcB kuma yana haɗa su. Hujjoji sun fi nuna cewa daga filin tsakiyar nan take kwasar zink da kobalt da kadmiyum ta harba su waje gaba ɗaya, don haka ita da CDF da nau'in P suna aiki ne a jere, wannan ya miƙa wa wancan.

Famfo mai ƙarfi haka yana iya kashe mai shi idan ya yi aiki ba lokacinsa ba, domin zai kwashe zink ɗin da inzayim ke buƙata. E. coli tana da masu gadi biyu a kan DNA. Zur, idan ya kama zink, yana rufe ƙwayoyin gadon znuABC masu shigo da zink. ZntR kuwa yana zaune ne a gaban zntA a kowane hali, a wani wuri da tazarar alamomin fara karatu ta fi ta al'ada tsawo, ta yadda inzayim mai kwafewa ba ya iya kama su biyun tare. Idan ZntR ya kama zink sai ya murɗe DNA ɗin har alamomin su daidaita, karatu ya fara. Zur ya fi ZntR saurin jin zink, saboda haka ana rufe ƙofar shigowa kafin a kunna famfon fitarwa, kuma ƙwayar ba ta ɓarnar ATP tana shigarwa tana fitarwa a lokaci ɗaya. Carol Fierke da abokan aikinta sun nuna a 2012 cewa idan aka zuba wa E. coli zink kwatsam, sakakken zink yana tashi zuwa matakin nanomola na ɗan lokaci, ZitB da yake nan tun farko ya rage kaifin, sannan ZntA da aka ƙera sabo ya sauke shi.

Idan kana karanta tsofaffin takardu za ka ga ZntB a jerin masu fitar da zink, domin haka aka bayyana shi a Salmonella a 2002. Siffarsa da gwajin da aka wallafa a 2017 sun nuna cewa na E. coli yana shigo da zink ne tare da H+, don haka kada ka jera shi da waɗancan ukun ba tare da ka ambaci wannan saɓani ba.

Inda wannan ilimi ya fi taɓa lafiya shi ne yaƙin da ke tsakanin garkuwar jiki da ƙwayar cuta, domin jiki yana amfani da zink ta fuska biyu. A wurin ƙurji, fararen ƙwayoyin jini suna sakin furotin kalfurotektin da ke kwashe zink da manganis domin bakteriya ta rasa. A cikin makurofaj kuwa, wato farar ƙwayar jini mai haɗiye ƙwayoyin cuta, bayan ta haɗiye bakteriya, akasin haka take yi: tana ɗura zink a cikin jakar da ta kulle ta. Hélène Botella da Olivier Neyrolles a Toulouse ta Faransa sun nuna a 2011 cewa ƙwayar tarin fuka, Mycobacterium tuberculosis, tana mayar da martani da ƙera CtpC, famfo nau'in P, kuma ƙwayar da aka cire wa shi tana tara zink ta kasa yaɗuwa yadda ya kamata a cikin makurofaj na ɗan'adam. Ga ƙasa irin Najeriya, wadda ke cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyin tarin fuka a duniya, famfon da ƙwayar ba ta iya rayuwa sosai ba tare da shi ba wuri ne da ya cancanci masu neman sabon magani su duba. An ga irin wannan a Streptococcus pyogenes, inda rashin CzcD ke sa fararen ƙwayoyin jini su fi saurin kashe ta.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi tayar da hankali, wato yadda juriyar zink ke jan juriyar magani. A Pseudomonas aeruginosa, furotin biyu masu jin zink, CzcR da CzcS, suna kunna CzcCBA, amma a lokaci guda suna rage ƙera OprD, ƙofar tantanin waje da maganin antibayotik imipenem ke shiga ta cikinta. Karl Perron da abokan aikinsa a Janeba ne suka bayyana wannan a 2004, shekara ɗaya bayan an nuna cewa zink ɗin da ke narkewa daga wasu robobin fitsari na asibiti ya isa ya rage OprD. A kiwon aladu a Turai kuma an daɗe ana zuba zink oksaid mai yawa a abincin 'ya'yan da aka yaye domin hana su gudawa, sai aka gano cewa Staphylococcus aureus na dabbobi, jinsin CC398, yana ɗauke da czrC, ƙwayar gadon juriyar zink da kadmiyum, a kan yanki ɗaya na DNA da ke ɗauke da juriyar maganin antibayotik metisilin. Duk gonar da ta ciyar da zink mai yawa tana zaɓar ƙwayar da ke da wannan yanki ko da ba a ba dabbobin antibayotik ba. Wannan, tare da taruwar zink a ƙasar noma daga takin dabbobin, yana cikin dalilan da suka sa Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da zink oksaid a matsayin magani a abincin aladu, haramcin da ya fara aiki gaba ɗaya a watan Yunin 2022.